Wayar da Awaisu Ya Aika Fulatan

Duk wanda ya saba cin kasuwar Karaye ya san rumfar Awaisu mai gyaran waya, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Tana nan bayan layin masu rake, jikin ta mai faci. Za ka tarar da shi a sunkuye kan tebur, dogo siriri, yana tsinto wani ɗan mitsitsin noti da hantsaki. Hannunsa akwai albarka, wannan ba mai musu. Wayar da ta faɗa rijiya, da wadda jaki ya taka, da wadda aka tsoma a kunu, duk in sun zo hannunsa sai sun farfaɗo. Baki ne dai Allah bai hore masa ba. Ka gaishe shi ya amsa, ka ƙara ya ƙara amsawa, daga nan kuma sai dai ka juya ka yi hira da mai faci.

A gefen teburin akwai wata 'yar kwalbar jan farce da ta daɗe da bushewa. 'Yan kasuwa sun yi masa tsiya a kanta har sun gaji, don mutumin da ba shi da mata a gida, me ya haɗa shi da jan farce? Shi kuwa bai yar da ita ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Labarin kwalbar ya faro tun daga wani ƙauye a Fulatan, ƙasar Rogo, inda aka haife shi.

Shi ne ɗan farin Adama. Wanda ya san gidajen wajen nan ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta zama su yi hira ido cikin ido. Alkunya ke nan, kuma a dangin su Adama da hannu biyu ake riƙonta. Da aka tashi yaye shi sai aka kai shi Karaye wurin kakarsa, Iya Tani, aka ce in ya manta nono za a dawo da shi. Ya manta nono, su kuma suka manta da dawowar.

In an ba da hutun makaranta yakan je Fulatan. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Adama ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon tukunya, ko tana tsince wake, ko tana neman wani abu da bai ɓata ba. «Lafiya,» shi ke nan. Sai ta ƙwala wa autarta kira, «Radiya, a ba na Karaye ruwa.» Sunansa ke nan a bakinta, na Karaye. Yana zaune a zaure zai jiyo ta tana dariya da Radiya, tana zagin ƙannensa zagin so, tana ba su labarin ƙuruciyarta, amma da ya sako ƙafa tsakar gida sai dariyar ta ɗauke. Ya san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya gaya masa, har shi ma yakan gaya wa kansa. To amma sanin cewa akwai hatsi a rumbu ba ya ƙosar da mai jin yunwa.

Abin da ke tsakaninsu duk ta hannun Baraka yake bi. Baraka ƙawar Adama ce tun suna 'yan mata, daddawa take kawowa Karaye duk ranar kasuwa. Ita za ta tsaya a kansa ta ce, «An ce a gaishe ka,» shi kuma ya ce yana amsawa. Wani lokaci ta ajiye masa ƙullin aya ko man shanu, ba ta faɗi wanda ya aiko ba, shi ma bai tambaya ba.

Da ya gama sakandare ya tafi Kano koyon gyaran waya, ya ƙware, har ubangidansa ya so ya riƙe shi. Sai Iya Tani ta kwanta ciwo, ya dawo ya yi jinyarta har Allah ya karɓi abarsa. Tsohuwar nan ita ce mai magana a gidan, shi ne mai ji, da ta tafi kuwa sai gidan ya zama ba mai magana sai mai ji. Ya yi aure, aka kawo masa Ummu Habiba, yarinya mai fara'a da son hira. Ba su yi faɗa ba ko sau ɗaya, don faɗa ma sai da baki ake yin sa. Bayan damina biyu ta ce ita mutum ta aura ba garu ba, aka rabu cikin mutunci. Ranar da aka kwashe kayanta ya share ɗakin, ya mayar da tsohuwar kwamfutarsa ciki. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai a shekarun nan, sai dai ba shi da wanda zai gaya wa.

A rumfar ne dabarar ta zo masa. Kullum ranar kasuwa sai tsofaffin mata sun tsaya a gabansa, su kwance 'yar waya daga bakin zane su ce ya nemo musu wane na Legas, ko wane na Fatakwal. Ba su iya karanta sunaye ba, lambobi kuwa duk kamarsu ɗaya a idonsu. Sai ya ce a ransa, me zai hana a yi manhajar da ba rubutu a cikinta sam? Hoton ɗanki kawai, da maɓalli ƙwaya ɗaya. Ki danna, ki faɗi abin da ke ranki, ki saki, magana ta tafi. Ba sai an yi gaba da gaba ba, ba sai kin jira amsa ba, ba kuma mai tsaye a kanki yana ji. Ya zana ta a bayan kwali, ya sake zanawa, ya raɗa mata suna Gaisuwa. Dama ya ɗan koyi haɗa manhaja daga bidiyoyin intanet, sai ya duƙufa. Yakan ce wa kansa don tsofaffin nan yake yi. Gaskiyar ita ce mace ɗaya yake yi dominta. Ya saka a ransa cewa in aka cire idon mutane, aka cire nasa idon, Adama za ta buɗe baki ta yi masa magana ko da sau ɗaya ne kafin ɗayansu ya mutu.

Kafin ya zurfafa sai ya yi abin da yake ganin hankali ne, ya tambayi jama'a. Ya nuna wa liman, liman ya ce madalla, Allah ya sa albarka. Ya nuna wa mai faci, mai faci ya ce kai, wannan ai har Saudiyya sai an nema. Tsofaffin matan kuwa sa masa albarka suka riƙa yi har da ɗaga hannu. Ba wanda ya ce a'a, ko mutum ɗaya. Awaisu ya koma gida yana jin kansa a sama, ya manta halin mutanen ƙasar da aka haife shi.

A lokacin ne aka buɗe wani ɗan gajeren horo a Kano don masu son koyon haɗa manhaja, ya rufe rumfa ya tafi da kwalinsa a jaka. Mai koyar da su wata ce Malama Fiddausi, gajera mai kaifin harshe, wadda ta yi shekaru tana wannan aiki. Ta duba zanen nasa da kyau, ta yaba tsabtarsa, sannan ta ɗago.

«Malam Awaisu, wa ya ce yana so?»

«Kowa, Malama. Duk wanda na tambaya.»

«Me suka ce?»

«Cewa suka yi madalla, Allah ya sa albarka.»

Malama Fiddausi ta yi dariya har ta dafa tebur. «Haba Malam! Ka taɓa jin an je barka an ce jaririn mummuna ne? Ko da kan gwanda aka haife shi tubarkalla ake cewa. Kara suka yi maka. Mutanenmu ba sa ce wa mai sabon abu ba sa so a gaban idonsa, balle kai da ke gyara musu waya.»

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ta zauna ta yi masa bayani a tsanake. Manhajar nan za ta ci masa shekara ko fiye, ga wahala, ga rufe rumfa, kuma bayan duk wannan mai yiwuwa ne ba wadda za ta taɓa ta. Tun kafin ya rubuta layi ɗaya, ya gano ko abin da yake zato gaskiya ne. Zaton nasa shi ne wahalar waya ce ke hana uwaye magana da 'ya'yansu. To ya cire wahalar da duk abin da ke hannunsa yanzu, ya ba su, ya juya baya.

«Kada ka sake tambayar baki,» in ji ta. «Yatsa za ka duba. In sun danna, ka gina. In ba su danna ba, ka gode wa Allah da ya nuna maka da wuri. Sai an gwada akan san na ƙwarai.»

Da ya dawo Karaye sai ya zazzage kwalin wayoyin da masu su suka kawo gyara suka yi ɓatan dabo. Ya tashi 'yan kaɗan daga ciki. A kowace ya share komai, ya bar manhajar tura saƙon murya da kowa ke amfani da ita, ya saita ta yadda da an kunna sai ta buɗe kan lambar mutum ɗaya da hotonsa. Saura alamar inda za a danna. Nan ne ya je wurin mai koli ya sayi jan farce, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashin kowace waya, daidai inda yatsa zai sauka. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa wai bazawari ya fara sayen kayan lefe.

Ya hau mashin ya rarraba su, wasu a Zoza, wasu a Kafin Dafga, ga tsofaffin da ya san 'ya'yansu na nesa. Ya kira 'ya'yan ya gaya musu, duk suka ce madalla, amma yanzu ya san nauyin madalla. Waya ɗaya ce ta rage, ya jefa ta aljihun tebur ya rufe. Ya san ta wace ce, bai dai shirya ba.

Duk mako yakan zaga ya yi musu caji, ya duba ko an danna. Damina ta sauka, hanya ta ɓaci, yakan iso gidajen da taɓo har gwiwa. A Zoza akwai wata Ramatu da ta kama wayar kamar ta cinye ta, safe da yamma tana aika wa autanta na Legas labarin akuya da na maƙwabta. Awaisu ya yi murna, sai da ya gano cewa dama can kullum suna waya da ƙaramar wayar jikarta. Ba a jima ba ma ta koma waccan, ta ce ita ba ta son maganar da ake jefawa rijiya a zauna jiran ta dawo.

A Kafin Dafga kuwa wata tsohuwa ce, Hannatu, wadda ɗan farinta ke dako a Fatakwal, shekara da shekaru bai zo gida ba. Ita ce Awaisu ya fi sa wa rai, ba sai an faɗi dalili ba. Da ya zo duba wayar sai ya same ta a kife a kan randa, an rufe ta da faifai.

«Baba, ba ta yi ba ne?»

«Ta yi mana, ɗan nan. Da na taɓa ta sai ga shi ya ƙura mini ido. Yaya za a yi in zauna a ɗaki yana kallona?»

Awaisu ya cije leɓe. Hoton da yake alfahari da shi, wanda ya zana a kwali ya sake zanawa, shi ne abu na farko da ya kore ta. Shi da kansa ɗan fari ne, ya kamata ya fi kowa sani. Ya cire hoton ya bar ɗigon kawai. Mako ya zagayo, ba a danna ba. Wani makon ma haka. Da ya tashi tafiya sai Hannatu ta rako shi har zaure, ta rage murya.

«In Allah ya sa kun yi magana da mutumin Fatakwal, ka ce masa damina ta yi kyau. Ka ce ƙafar ma ta yi sauƙi, kada a sa damuwa.»

«Ai ga wayar nan, Baba. Ki danna ki gaya masa da kanki, ba mai jin ki.»

Ta dube shi kamar ya ce ta cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa. «Ni? Da bakina? Allah ya shirye ka.»

Ya kira mutumin Fatakwal ya isar da saƙo. Shi ma da aka ce ya aika amsa ta wayar sai ya yi 'yar dariyar jin nauyi, ya ce a'a, Malam Awaisu dai ya gaida mutanen gida.

Haka abin ya yi ta fitowa a kowane gida. Masu magana da 'ya'yansu dama suna yi, ba sa bukatar Gaisuwa. Waɗanda ba sa yi kuwa, ba maɓalli ne ya tare su ba. Ɗan aike suke so, mutum mai ƙafa da baki, wanda zai ɗauke musu nauyin maganar ya kai. Awaisu ya zama shi ne ɗan aiken, yana yawo a kan mashin da gaisuwar uwayen wasu, ya dawo gida da yamma ya dafa taliya shi kaɗai. Ko makaho ya ga inda gwajin ya dosa. Amma ya ƙi kiran Malama Fiddausi, domin wayar nan ta aljihun tebur tana nan, kuma muddin tana nan bai yarda an gama ba.

Wata ranar kasuwa Baraka ta tsaya a kansa da ƙwaryar daddawarta. «An ce a gaishe ka.»

«Ina amsawa, Gwaggo.» Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wayar, ya ajiye a gabanta. Ba hoto a jikinta, don ko shi bai iya sa fuskarsa ba. Lambarsa ce dai a ciki, sai jan ɗigo. Ya nuna mata yadda ake dannawa a riƙe, da yadda ake kunna saƙo in ya shigo. «Gwaji ne nake yi. Na ba mutane da yawa. A kai mata.»

Baraka ta juya wayar a hannunta. «Awaisu, ka san abin da kake nema kuwa?»

«Gwaji ne kawai, Gwaggo.»

«To. Allah ya ba da sa'a.» Ta naɗe wayar a leda ta cusa ƙarƙashin daddawa.

Daga ranar wayarsa ta zame masa azaba. Da ta yi ƙara sai ya zabura ya duba ya ga tallar kamfanin layi ce, ko wani ne ke tambayar ko an gama gyaran tasa. Shi da bai taɓa ɓata wayar kowa ba, sai ga shi ya fasa gilashin wayar wani malamin makaranta. Masara ta yi goyo, ta bushe, aka fara karya. Baraka ta zo ta tafi, ta zo ta tafi, kullum an ce a gaishe shi, ba ta ce uffan game da waya ba. Har ya fara gaya wa kansa cewa batirin ya mutu, ko an ba Radiya tana kallon hotuna.

Sai wata rana bayan azahar, yana cikin narka dalma, wayar ta yi ƙara. Ya leƙa da gefen ido. Saƙon murya ne daga lambar Fulatan, kuma mai tsawo ne, ya fi duk wanda Ramatu ta taɓa aika wa autanta.

Bai kunna ba. Kasuwa ta cika da hayaniya, ga injin markaɗe, ga mai tallar magani da lasifika, ba a nan zai fara jin maganar uwarsa ba. Ya rufe rumfa da rana tsaka, mai faci na tambayar ko lafiya, ya hau mashin ya nufi bakin dam. Ya sami gindin wata bishiya nesa da masunta, ya zauna, ya goge hannunsa a riga. Sannan ya kara wayar a kunne.

Da farko ƙarar zane ce, kamar an gyara zama. Can nesa kaza na kiran 'ya'yanta. Wani na daka a maƙwabta. Sai numfashi, kusa ƙwarai, a hankali. Ta yi gyaran murya. Awaisu ya runtse ido. Numfashin ya ja, kamar na wanda zai fara magana, ya tsaya, ya sauka. Aka jima. Ya sake ja, ya sake sauka. Dakan maƙwabta ya ƙare, kazar ta yi nisa, iska ta kaɗa ƙyauren langa-langa. Ta ƙara gyaran murya. Daga nan saƙon ya ƙare.

Ya sake kunnawa, ko akwai kalmar da ta wuce shi. Babu. Masu iya magana sun ce shiru ma magana ce, amma wanda ya fara faɗin haka bai yi shekara talatin da ɗoriya yana jiran kalma ɗaya ba. Abin ya yi masa ciwo, ciwo sosai. Ya ba ta ɗaki ba kowa, ya cire idon duniya, ya cire nasa, ya rage mata aikin har ya zama ɗigo ɗaya, ta kuma danna, amma bakin ya ƙi buɗuwa.

Sai wani abu kamar fushi ya taso masa. To shi zai yi. Shi ne mai dabarar, shi ne ya ce in an sauƙaƙa hanya baki zai buɗe. Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin ya riƙe. Ya buɗe baki, sai ya tarar bai ma san da wane suna zai fara ba, don bai taɓa kiran ta da komai ba. Ya ce bari ya fara da sallama, sallamar ma ta ƙi fita. Duk maganganun da ya tara tun yana zaune a zauren Fulatan suka taru a ƙirjinsa suka cushe ƙofa. Ruwan dam na bugun gaɓa, wani masunci na kiran ɗan'uwansa daga kwalekwale. Hawaye suka zubo masa, ya riƙa jan hanci yana ƙoƙarin haɗiye su, yatsan na nan a danne. Da ya ga abin ba mai yiwuwa ba ne sai ya ɗaga yatsa, ya manta cewa ɗagawar ita ce turawa. Kafin ya farga saƙo ya tafi Fulatan.

Washegari ya kira Malama Fiddausi ya gaya mata sakamakon, gida bayan gida, ban da gida ɗaya. Ya ce zaton nasa ba daidai ba ne, ba zai gina ba.

«Ka tabbata? Ko za ka ƙara gwadawa a wasu ƙauyukan?»

«Na tabbata, Malama. Na gwada har a kan wanda ya fi kowa son ta yi aiki. Shi ma bai iya ba.»

Ta yaba masa ƙwarai. Ta ce cikin ɗalibanta kaɗan ne ke iya kashe dabararsu da hannunsu, yawanci sai sun gina sun gama sannan su zauna suna zargin jama'a da rashin wayewa. Ta ce ya tsira da shekara guda ta rayuwarsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk gaskiya ta faɗa. Shi dai bai ji kamar wanda ya tsira da komai ba. Ya zaga ya karɓo wayoyinsa, ya kankare jan ɗigon da reza, ya mayar da su kwali. Zanen Gaisuwa kuwa da shi ya toshe inda rufin rumfa ke yoyo.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ya hango Baraka tun daga layin masu rake, ya sunkuyar da kai yana ta kwance wayar da ba abin da ya same ta. Ta iso ta sauke ƙwarya. Ta fito da wayar a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali da ya sani tun yana yaro, ta ajiye a kan tebur.

«An ce a mayar maka da kayanka, kada su lalace a hannun mutane.»

«To, Gwaggo.»

«Ranar da ta aiko maka da nata saƙon, kowa ta kora daga gidan, har ni. Da naka ya shigo kuwa aike ta yi aka kira ni daga gona, don ta manta inda ake kunnawa. Na kunna mata. Ta ce in sake. Na sake. Sai da batirin ya mutu a hannuna.»

Awaisu ya ci gaba da kwance wayar da ke hannunsa. Baraka ta laluba ƙarƙashin daddawa ta fito da wani ƙulli, ta kwance a gabansa. Citta ce, da kanumfari, da masoro, da ɓarin mazarƙwaila.

«Ta ce na Karaye yana mura, ta ji a hancinsa. A dafa wannan ya sha da zafinsa. Kuma ta ce ya daina zama a bakin ruwa da yamma.»

Ya jawo ƙullin gabansa. Da ƙyar ya ce, «Gwaggo, ba mura nake yi ba.»

«Wa ya ce maka ba ta sani ba?» Baraka ta ɗora ƙwaryarta a ka. «Ita ma kwana biyu ta yi tana irin murar. Kai dai ka sha.»

Ta shige cikin kasuwa tana tallar daddawarta. Awaisu ya tashi da wuri ran nan. Ya je gidan Iya Tani ya hura gawayi, ya daka cittar da kanumfarin da masoron, ya jefa mazarƙwailar ya bari ta narke. Ya zauna a bakin ƙofa shi kaɗai kamar kullum, da kofi a hannu, yaji na ƙona masa maƙogwaro. Lafiyarsa ƙalau, ko atishawa bai yi ba. Ya shanye shi tas, har da guntayen cittar da suka kwanta a ƙasan kofin.